Yatsan Purvis da Suyar Kifin Coci

Ranar suyar kifi ta cocinmu jama'a suka zauna da faranti a hannu, babu kifi ko na rantsuwa. Yatsan Purvis ne ya jawo, ƙanin matata.

A kogin Flint kifin bas iri biyu ne, kamar an tsaga kara. Akwai ɗan gida mai zama cikin duwatsu inda ruwa ke gudu. In ka kama shi sakinsa za ka yi, don ya yi ƙaranci. Akwai baƙo mai ɗigo-ɗigo da wani ya zubo mana, shi ne na kasko. Bambancewa ba wuya: ka shafa harshen kifin da yatsa. Kaushi baƙo ne, santsi ɗan gida.

To Purvis tun yana saurayi yake ɗora bulo. Yatsansa ya yi kanta, ko zarto ya shafa santsi zai ji.

Ni da shi aka ɗora wa kamo kifin suyar. Muka shiga kwale-kwale, ni a gaba ina jefa ƙugiya, in na kama in miƙa masa baya ya duba ya sa a akwatin ƙanƙara. Kifi kuwa ya ci ƙugiya ranar, har kafaɗata ta gaji. Da rana ta take na buɗe akwati. Ƙanƙara ce da lemon kwalba.

"Purvis, ina kifin?"

"Yaya, ai duk 'yan gida ne. Na sallame su."

"Duka? Kai ne lauyansu?"

Na ƙara kamo ɗaya na shafa. Kaushi kamar dutsen wasa wuƙa. Ya karɓa ya shafa ya ce, "Sumul!"

"Wannan yatsa ne ko guntun katako?"

Ya fusata. Wai zai gwada da abin da ba ya ƙarya. Kafin in ce kai, ya zura harshensa a bakin kifin. Kifin ya datse, ya yi fizga ɗaya, ya faɗa ruwa. Shi ma ya tsira.

A coci aka ci ƙosan masara da kabeji zalla. Madam Odessa, shugabar mata, ta kwance wa Purvis rigar suya a gaban kowa ta miƙa masa soson wanke tukwane. Bai yi musu ba, harshe ya kumbura ya cika masa baki. Sati guda kunun masara kawai yake sha, shi ma sai ya huce.