Gamba a Fadamar Furera

Maganar ta soma ne a shekarar farin 1984, ran da gwamnatin soja ta aiko da irin kabeji da dankali ƙauyen Gidan Amumune, aka ce kowa ya koma noman rani. Kafin wannan rana babu wanda ya tuna da fadamar Furera.

Shekara shida kafin nan, da aka raba gadon mahaifinsu, yayyenta Jibo da Lawali suka ɗauki gonakin gero na jigawa. Ita kuwa suka nuna mata wani kwari mai laka da tsohuwar rijiya, inda gero ba ya yi, suka ce ta gode Allah, domin a gidansu mace ba ta gadon ƙasa. Ta gode masa, ta yashe rijiyar.

Bayan zuwan irin, wata rana da hantsi Furera ta tarar da Jibo durƙushe a tsakiyar albasarta yana dasa gamba, ciyawar da ake shata iyakar gona da ita.

"Sannu da aiki, Yaya. Ashe ka san hanyar nan?"

"Ƙasar ubana ce, Furera. Aro muka ba ki."

"Ikon Allah! Gaban liman dai gado kuka kira shi. Har Yaya Lawali ya ce alfarma kuka yi mani."

"Lokacin ana ruwa," in ji Jibo, bai ɗago ba.

"Ashe fari har hukuncin gado yake sauyawa. Malam bai kai mu wannan babin ba."

"Bar baƙar magana. Baki goma sha ɗaya nake ciyarwa, rumbu ko zangarniya babu. Ke da marayu uku, rabi ya ishe ki."

Furera ta dubi ƙasusuwan wuyansa, ta san ba ƙarya yake yi ba. Da roƙo ya zo da shi, da ta yanka masa fangali goma ya shuka. Amma gamba in ta kama ƙasa ta zama shaida. Bayan damina biyu babu dattijon da zai ce ba nan iyaka take ba.

Ta jira ya gama, ya karkaɗe hannu, ya tafi. Sannan ta bi layin tana tuge gambar, ta zuba wa akuyarta, wadda ta kwana biyu ba ta ga ɗanyar ciyawa ba. Bayan azahar ta cika kwando da kabeji, ta kai wa matar Jibo da kanta.

Gobe za ta je wurin alƙali a Mayahi, ta nemi a sake rabon duka, har da gonakin jigawa.