Baburan Kampala

Malam Nafi'u bai taɓa wuce Kaduna ba sai shekarar da ya samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar Uganda. Malamin firamare ne a garin Ruma, kuma a daminar da ta gabata ya binne ƙanensa Rabi'u, wanda 'yan bindiga suka zo a kan babura suka harbe a gona.

Da hantsi jirginsu ya sauka a Entebbe. Salmanu, wani mutumin Safana da ya shekara biyu yana karatu a can, shi ya zo tarbarsa da motar haya. Suka gaisa, Salmanu ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan suka kama hanyar Kampala.

Nafi'u ya kafa ido a taga. Ƙasa ja wur, ganye kore shar, ayaba ko'ina kamar ba mai ita. Gidaje sun hau kan tuddai suna leƙen juna. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai wata tsohuwa ce da ya hango tana noma ita kaɗai, ta ba kurmi baya, ko waige ba ta yi. Ya bi ta da kallo har ta ɓace.

Suna shiga gari danja ta tsayar da su. Can sai ya ji ƙara ta taso daga baya, irin wadda ya sani. Kafin ya juya, babura sun fi ɗari sun kewaye motar, gaba da baya, wasu har suna gogar ƙofa. Bai san sa'ad da ya zame daga kujera ya dunƙule a ƙasa ba, yana salati, hannuwansa a ka.

Direba ya juyo a tsorace yana tambaya da Turanci. Salmanu ya ce masa gajiyar tafiya ce kawai. Sannan ya dafa kafaɗar Nafi'u.

"Malam, tashi. 'Yan acaɓa ne. Dubi wancan, buhun gawayi ya ɗauko."

Nafi'u ya ɗago a hankali. Ga wata mata a bayan babur da jariri a goye tana latsa waya. Ga wani da kwat da jaka. Danja ta ba da hannu, suka ɗiba gaba ɗaya, babu wanda ya ko kalle shi.

Kunya ta rufe shi. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Salmanu."

"Haƙurin me? Ni a wannan mahaɗar buɗe ƙofa na yi zan gudu. A garin Zakka 'yan bindiga suka kashe mini kawu." Sannan ya ƙara da cewa, "Tsoron ba ya barin mutum duka. Yana dai raguwa."

Washegari za su je rajista, cunkoso ya hana mota motsi, sai babur. Nafi'u ya daɗe tsaye a bakin titi. Wani ɗan acaɓa, dattijo mai furfura, ya miƙo masa hular kwano yana murmushi. Ya karɓa, ya yi bisimilla, ya hau. Idonsa a rufe suka yi rabin hanya.

Da suka isa ƙofar jami'a ya sauka. Ya gyara hularsa, ya tambayi inda ake karɓar takardu.