Ogan Shagon Damaris

Shekara bakwai Damaris ta yi tana walda a wata masana'antar gadajen ƙarfe a Kudenda. Ita ta koya wa Tagwai, abokin aikinta, sana'ar tun daga tushe. A watan da sojoji suka miƙa mulki a 1999, takardar albashinsa ta faɗo daga aljihunsa, ta tsinta, ta ga ya fi ta nesa ba kusa ba.

Ta je wajen manaja. Ya ce ai Tagwai magidanci ne. Ta tuna masa cewa Tagwai ko budurwa ba shi da ita, a ɗakin yayansa yake kwana, kuma yanzu dimokuraɗiyya ta zo.

"Ta zo Abuja, Madam," in ji manaja. "Ba ta iso Kudenda ba tukuna."

Ta ajiye aikin. Ta sayar da keken ɗinkin da aka ba ta ranar aure, wanda ba ta taɓa takawa ba, ta sayi tsohon injin walda, ta kafa rumfa a bakin titi a Gonin Gora.

Duk direban da ya tsaya sai ya tambayi oga. Idan ta ce ita ce, sai ya ce zai dawo. Mako biyu, hannun tukunya ɗaya ta liƙa.

Sai ta ɗauko mijinta Ernest, tsohon akawu wanda ko risho ba ya kunnawa. Ta sa masa rigar aiki da baƙin tabarau, ta shafa masa baƙin mai, ta zaunar da shi. Aikinsa ya gyaɗa kai ya ce za a duba. Ciniki ya buɗe. Kafin wata guda Ernest ya fara yi mata faɗa a gaban mutane, wai ɗaurin waldarta ya karkace.

Wata Talata ƙarfen bodin motar Alhaji Zakariyya'u, dillalin tumatir daga Makera, ya tsinke daidai rumfar. Alhaji ya rantse ba yarinyar shago ce za ta taɓa masa mota ba, sai oga da kansa. Damaris ta miƙa wa mijinta kayan aiki cikin ladabi.

Tartsatsin farko Ernest ya yar da komai, ya tsallake titi, ya ɓuya bayan masu doya. Damaris ta ɗauki kayan ta gama aikin. Alhaji ya hau ƙarfen ya yi tsalle sau uku, bai motsa ba.

"Madam," ya ce yana haki, "wancan mutumin sallamarsa za ki yi. Asara kawai yake ja miki."

Ta ce ba zai sallamu ba, a coci aka ɗaura.

Alhaji ya baza labarin a tasha, direbobi suka riƙa zuwa neman Madam mai walda. Bayan kwana uku Ernest ya koma kiwon kaji a Barnawa.