Minti Biyu

Ranar da aka fara ɗaura masa ruwan maganin ciwon daji, nas ta miƙo masa kofin ƙanƙara ta ce ya riƙa tsotsa, don kada bakinsa ya yi gyambo. Tsohon hedimasta ya dube ta sheƙeƙe, ya ce shi ba yaro ba ne. Shekara talatin yana magana ana rawar jiki, ba a kan wata nas zai fara karɓar umarni ba.

Kwana bakwai, bakin ya dagargaje. Harshe, dasashi, cikin kumatu, duk sun koma jan nama. Ko miyau ya haɗiya sai ya ga taurari, balle magana.

Babbar 'yarsa ce ta zo jinya, ita da rabonta da gidan tun rasuwar uwarta. Jinya kam ta yi ta, babu makusa. Buroshi mai laushi, ruwan gishiri bayan kowane cin abinci, ban da barkono, ban da tsami, abinci sai ta tuƙe shi ta bari ya huce. Sai kuma maganin kurkure baki, sau huɗu a rana, wanda likita ya ce a riƙe minti biyu kafin a tofar.

A nan take kama shi. Da zarar ya guntsa, sai ta ajiye agogo a kan tebur ta jawo kujera.

"Baba, ka tuna da Inna ta ce ƙirjinta na ciwo, ka ce raki ne? Riƙe, saura minti ɗaya da rabi."

Da rana ta ɗora daga inda ta tsaya. "Wata huɗu tana roƙonka asibiti. Ka ce mu rufe maka baki kana karanta jarida. Kada ka haɗiye."

Ba ta ɗaga murya, ba ta ƙara ko kalma a kan abin da ya faru. Lokaci na cika ta tara masa kwano, ta goge masa haɓa a hankali. Shi kuwa sai hawaye, ta ce ai maganin ne da zafi.

Tun yana jin haushi har ya koma jin kunya. Yana kwance yana tsara abin da zai faɗa mata, kalma uku kacal: ki yafe mini. Ya so ya rubuta, sai ya ga wannan ba maganar takarda ba ce. Tsoronsa ɗaya, kada ta tafi bai faɗa ba.

Mako na uku nas ta haska bakin da tocila ta ce ya warke, a daina maganin. Suna komawa gida 'yar ta fito da jakarta.

"Aikina ya ƙare, Baba."

"Ina da magana," ya ce. Muryar ta fito a shaƙe, amma ta fito.

Ta ajiye agogon a gabansa, ba ta zauna ba. "To, ina ji."

Ya ɗaga kai ya gan ta tsaye ƙerere, hannu a ƙugu. Kalmomin nan uku suna kan harshensa, amma harshen ya riga ya saba da hanyarsa.

"Haka ake tsayawa a kan uba?"

Ta gyaɗa kai, kamar wadda aka ba amsar da take jira. Ta bar shi har minti biyun suka cika, sannan ta ɗauki agogonta.