Giwar da Ta Riƙe Rufi

Benen ya rushe ne da hantsi, bayan ruwan saman da aka kwana ana yi. Wani direba da ke haya a benen yana tasha yana jiran lodi aka bugo masa waya. Da ya iso bai gane layinsu ba. Inda ɗakinsu yake ya zama tudun bulo da rodi, labulen tagarsu yana reto a jikin wani ƙarfe. Manyan yaran suna makaranta, matarsa ta fita kai ɗinki da niyyar dawowa nan da nan. Auta ce kaɗai a ciki, 'yar shekara shida, mura ta hana ta zuwa makaranta.

Uwar ta yi kuka har muryarta ta dushe, mata sun rirriƙe ta a gefen titi. Shi kuwa ya hau tudun yana tono da hannu har faratansa suka fashe, sai da ma'aikatan ceto suka janye shi da ƙarfi.

Can wani ya jiyo tari daga bakin wani fasasshen bututu. Shugaban masu ceton ya kasa kunne, sannan ya ja direban gefe. Ya gaya masa yarinyar tana raye, amma wani ƙaton ɓallen rufi ya tokare a samanta, in aka sa inji zai danne ta. Sai dai su bi ta gefe da shebur da hannu, aikin kuma zai ɗauki lokaci. Abin da ake so daga gare shi ɗaya ne: ya yi ta sa ta magana, kada ta yi barci.

Direban ba mai magana ba ne. A gida Auta ce rediyo. Ita ce ke ganin mutane a cikin tururin buta, ta ce fanka tana gaishe ta, shi kuma ya daka mata tsawa ya ce a daina shirme. Yanzu ga shi kwance rub da ciki, bakinsa a kan bututu. Ya tambaye ta inda ke mata ciwo, ta ce ƙafa. Ya yi mata alkawarin keke, ya sa ta ƙirga, ya sa ta jero yayyenta da ƙawayenta. Kafin azahar maganarsa ta ƙare ƙaf, muryarta kuma ta koma kamar zare.

"Baba, barci nake ji."

Ya daki ƙasa da hannu, ya ce, "Uwata, me kike gani a nan?"

"Duhu."

"Ƙara dubawa da kyau."

Shiru ya yi tsawo har ya fara kiranta da ƙarfi. Sai ga muryar ta taso: "Akwai giwa."

Ta ce giwar ta durƙusa ne a kanta, ta ɗora rufin a gadon bayanta. Ya tambayi inda ta fito. Auta ta ce ai dama a cikin bango take zaune, fenti take ci, shi ya sa fentin ɗakinsu yake ta ɓarewa suna zagin mai benen a banza. Wani daga cikin masu tono ya yi dariya yana share ido. Direban ya kama wannan zaren ya ƙi saki. Ya tambayi launinta, da abin da take sha, da ko tana da 'ya'ya. Kowace amsa sai ya ji muryar ta ɗan ƙara ƙarfi.

Sai tudun ya motsa. Yashi ya zubo, rufin ya yi wata ƙara, masu tono suka tsaya cak.

"Baba, ta gaji. Ƙafafunta rawa suke yi."

"Ki roƙe ta. Ki ce babanki yana haɗa ta da Allah, ta ƙara haƙuri kaɗan."

"Ta ce ai kai za ka ce babu ita."

"Akwai ta," in ji shi, hawaye na ɗiga cikin bututun. "Gaya mata na ce akwai ta."

Bayan la'asar suka zaro ta ta wani ɗan rami, ta yi fari fat da ƙura, ƙafar hagu a karye. Ba su kai ta bakin motar asibiti ba rufin ya faɗi, ƙura ta turnuƙe layin. Auta ta fasa ihu tana neman dirowa daga gadon ɗaukar marasa lafiya, wai a koma a ciro giwar. Uwar ta rungume ta, amma Auta ta ƙi yin shiru. Ma'aikaciyar jinya ta ce in ta ci gaba da wannan fizge-fizgen za ta ƙara ɓata ƙafar.

Direban ya shiga motar asibitin ya tsuguna kusa da kanta. Ya ce mata giwar ta fita ta baya kafin rufin ya faɗi, shi da idonsa ya gan ta tana kakkaɓe jiki, har ɗan sanda ya tsayar da motoci don ta tsallaka titi. Auta ta tsagaita, tana kallonsa da zargi, ta tambayi inda ta nufa. Ya ce bakin kogi. Ta ce ƙarya ne, ba ta son ruwa. Ya ce to wataƙila bai gani da kyau ba, ita ta gaya masa.

Tana cikin gaya masa suka shiga ƙofar asibiti.