Littafin Zanen Riguna a Zauren Malam

Latifa na kan keken ɗinki sai yayarta Kaltume ta leƙo, fuska ba walwala.

"Baba na kiranki a zaure. Baffa Attahiru na wurin, da littafinki a hannunsa."

Ta tsai da keken. Littafin nan ɗiyar kawunta ce ta ba ta a Birnin Ƙonni. Zanen matan Faransa ne na shekaru ɗari biyu da suka wuce, sanye da dogayen riguna masu ɗamara a ƙarƙashin ƙirji. A ciki ta ɗauko fasalin rigar da ta ɗinka wa Ummu, ɗiyar Alhaji Dabo mai fataucin albasa, ta ƙara mata dogon hannu, ta rufe wuya. Tun ranar da Ummu ta sa rigar a gidan biki zance ya cika Illela, wai ɗiyar Malam Sharafaddeen mai makarantar allo tana ɗinka wa 'ya'yan Musulmi kayan Nasara. Jiya matar Baffa ta ari littafin, wai za ta duba. Ashe inda zai ƙare ke nan.

Ta ja hijabi, ta yi sallama, ta durƙusa a gefen tabarma. Malam bai ɗago ba, yana ta buɗa shafuka a hankali.

"Mi ne ne wanga?"

"Zanen tufafi ne, Baba. Na mutanen da."

"Don wa aka zana su?"

Ta faɗi abin da aka karanta mata daga rubutun Faransancin. Ana buga su ne don matan da mazansu suka yi sabon arziki, su ga yadda matan manyan gidaje ke sa kaya, kada a raina su a taro.

"Ka ji ko, Yaya!" in ji Baffa. "Gasa da fankama, a gidan karatu!"

Malam ya ɗaga masa hannu. "Ita Ummu mi ta ce maki?"

"Ta ce kowane biki a baya ake zaunar da ita, don mahaifinta ya taɓa tura kura a bakin iyaka. Tana son rigar da ba kowa ke da ita ba."

"To, an zaunar da ita gaba?"

"An zaunar, Baba."

"Wa aka tayar don ta zauna?"

Latifa ta sunkuyar da kai. Ta san amsar, Baffa ma ya sani. Mu'minat ce, ɗiyar Baffa. Ta saci kallon Baffa, Malam kuwa ya lura.

Malam ya daɗe yana duban ƙanensa. Baffa ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya fita ko sallama babu.

Sai Malam ya rufe littafin, ya miƙo mata.

"Rigar da ta suturta jiki ba ni da ta cewa a kanta. Amma kada a bar hotunan ga buɗe inda ake salla. Gobe ki tafi ki gaida Baffanki."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta koma ɗakinta, ta adana shi a cikin akwati.