Kunne Mai Zaɓen Kakakin Gwanjo

Shekara talatin da ɗaya ana kiransa Kunne, har ta kai idan takarda ta zo shagon da sunansa na yanka sai an yi ta tambayar ko wane ne. Shagon na kayan badujala ne na gwanjo, a ƙarshen layin masu gyaran rediyo, kuma aikinsa a ciki guda ɗaya ne. Idan dillali ya kawo kakakin nan mai zuge, wanda 'yan sana'a ke ce wa turombon, shi zai duba, ya busa, ya yanke hukunci. In ya ce "saya", mai shago ya biya. In ya ce "mayar", dillali ya naɗe kayansa yana ƙunƙuni, ba ɗaukaka ƙara.

To, yau shekara biyu ke nan Kunne ba ya ji.

Abin ya fara ne da ƙananan sautuka. Butar shayi ta daina yi masa fito, sannan muryar matarsa daga ɗaya ɗakin ta ɓace, sannan tasa muryar ta koma kamar yana magana da kai a cikin randa. Likita ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce ba abin yi. Daga likita sai matarsa, ba wanda ya sani. Ya koyi karanta leɓe. Ya ja bencinsa ya jingina da bango don kada kowa ya yi masa magana ta baya. Ya kuma aro baƙin hali ya yafa, idan magana ta wuce shi sai ya haɗe rai ya ce, "Ina aiki kana min surutu?" Mutanen layin suka ce tsufa ya zo wa Kunne da girman kai, shi kuwa ya gode Allah da suka tsaya a nan.

Ai yawancin aikin ma na hannu ne da ido. Zugen nan, dogon bututun da ake ja ana turawa, sai ka karkata shi ka ga ko zai sulale da nauyin kansa, ba tare da ya tsaya yana shawara a hanya ba. Ka duba jikin tagullar ko akwai jan tabo, don wannan ruɓa ce daga ciki, ba mai gyara ta. Ka toshe bakin bututun da babban yatsa ka ja, ka ji ko yana tsotsa ko iska na gudu. Ka sunsuna ma, don kakakin da ya shekara a ɗaki mai laima ba ya iya ɓoye warinsa. Duk wannan Kunne zai yi shi ido a rufe. Abu ɗaya ne ya fi ƙarfin hannu: idan dalmar da ta liƙe wata mahaɗa ta saki kaɗan, kakakin zai yi lafiya a sautin ƙasa, amma da an hau sautin sama sai ya kama ziza kamar ƙuda a cikin kwalba. Wannan kunne kaɗai ke kama shi.

A nan matarsa ta shigo. Tela ce, kuma a da ita ce ke korar shi bayan gida in zai yi gwaji, wai busarsa na sa mata ciwon kai. Sai ga ta kullum a shago da ɗinkin hannu, tana cewa hasken gida ba ya isar idonta. Ta zauna a kujera kusa da ƙofa. Idan ya busa sautin ya fita tas, allurarta ba za ta tsaya ba. Idan akwai ziza, sai ta kai zaren baki ta cije. Da wannan suka ci shekara biyu, ba a taɓa dawo da kaya ba.

Sai makonni uku da suka wuce yayarta ta kwanta ciwo, ta tafi jinya kwana huɗu. A rana ta uku aka kawo wani kakaki mai kyau kamar a lashe, Kunne ya duba, ya busa, ya ce saya. Shugaban badujalar da ya saye shi ya dawo da shi da kansa, ya tsaya a tsakiyar shago ya busa shi har sautin sama, sai ga ziza. Kowa ya yamutsa fuska. Kunne ma ya yamutsa, amma sai da ya ga na wasu, kuma mai shago yana kallonsa.

Mai shagon nan ɗan marigayin da ya ɗauki Kunne aiki ne, a wuyan Kunne ya girma. Bai ce komai ba ranar. Jiya ne kawai ya ce, "Baba Kunne, gobe za a kawo guda uku. Ina so mu duba tare."

Da safe matar tana ɗaura ɗankwali ta zo ta tsaya a gabansa, inda zai ga bakinta.

"Malam, ka faɗa masa da kanka. Ya fi a kama ka."

"In faɗa masa, sannan fa? Wa zai ɗauki kurma mai shekara hamsin da tara? Allurarki ce za ta riƙe gidan?"

"Yaron nan a hannunka ya tashi."

"Shagon ma a hannunsa yake. Ke dai ki zauna inda zan gan ki."

Ba ta zauna inda zai gan ta ba. Suna isa suka tarar an kai kayan ɗakin baya, inda ake gyara. Mai shago ya gaishe ta da ladabi, ya ja mata kujera ya ce, "Inna, zauna nan, ciki ba wuri." Ya rufe ƙofa. Ƙofar katako ce, ko huda babu.

Kakaki uku a jere a kan teburi, dillali a gefe yana danna waya. Kunne ya zagaya ya ba bango baya, ya ɗauki na farko. Wannan ko ɗan koyo ba zai ruɗa ba. An shafe shi da sabon fenti yana ta walƙiya, amma warin fentin bai ma fita ba, kuma zugen ya cije a tsakiya. Ya kankare ƙasan bututun da farce, jan tabo ya leƙo.

"Mayar. Wannan gawa ce aka yi wa kwalliya."

Dillali ya yi dariyar yaƙe. Mai shago bai yi ba.

Na biyu da na uku su ne tashin hankalin. Dukansu tsofaffi ne masu mutunci, tagulla mai kauri, zuge yana sulalewa kamar an zuba mai. Ya toshe ya ja, duka biyun suna tsotsa. Ba tabo, ba lotsawa, ba wari. Ya san yaron nan, ba zai rufe ƙofa a kan kaya masu lafiya biyu ba. Ɗaya daga ciki tarko ne.

Ya sa na biyu a baki ya busa, ya fara daga ƙasa ya hau. Ya ji rawar a leɓensa da haƙoransa, amma wannan kowane kakaki yana yi. Ya saci kallon fuskoki. Mai shago ya kafe ido a ƙasa, dillali bai ɗago daga waya ba. An gargaɗi dillalin ke nan kada ya nuna komai. Ya busa na uku, bai ga bambanci ba. Ya koma na biyu. Gumi ya fara bin bayansa.

"A ba ni man zuge," ya ce, ko da yake zugen ba ya bukatar komai.

Aka ba shi. Ya shafa, ya goge, ya sake shafawa. Ya nemi ruwan sha, yana fatan a buɗe ƙofa ko na daƙiƙa ɗaya, sai mai shago ya miƙo masa gora daga ƙarƙashin teburi. Ya sha, ya mayar da gorar. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da likita ya girgiza kai. Ya yi tunanin ya zaɓi ɗaya kawai ya bar wa Allah. Ya yi tunanin ya ce duka a mayar, to amma in ɗayan lafiyayye ne, dillali zai kai labari layi kafin azahar. Ya yi tunanin ya dafe ƙirji ya faɗi, har ya duba inda zai faɗi ɗin.

Ya dafa teburi, sai ya tuna wani abu na gida. Idan yana son sanin ko matarsa tana kan keken ɗinki a ɗaya ɗakin, farcensa yake ɗorawa a jikin ƙofa. Tsokar yatsa ba ta faɗa masa komai, farce ne ke faɗa.

Ya ɗauki na biyu. Ya ɗora farcen manuniyarsa a kan mahaɗar farko, ya ja numfashi, ya hau can sama ya riƙe sautin har idonsa ya fara ganin duhu. Ba komai. Ya matsa mahaɗa ta gaba. Ba komai. Mahaɗa bakwai ce, wasu sai ya murɗe hannu kamar zai karye kafin farcen ya kai. Leɓensa ya kumbura. Ya ga dillali ya duba agogo, ya ga bakinsa ya ce wani abu mai kama da "yau kuma". A ta shida, wajen sandar da ke riƙe faffaɗan kwanon kakakin, ya ji wani ɗan motsi a ƙarƙashin farcen, kamar tururuwa na tafiya. Ya sauko ƙasa, motsin ya ɓace. Ya hau, ya dawo.

Bai yarda da kansa ba sai da ya bi na uku haka, mahaɗa bakwai ɗin duka, sau biyu. Shiru.

"Na biyu a mayar, dalmar sandar kwano ta saki. Na uku a saya."

Mai shago ya ɗago. Kunne ya ga kafaɗunsa sun sauka, ya ga kunya ta rufe masa fuska.

"Ni na sa aka sassauta ta jiya, Baba. Ka yafe ni. Na yi maka mummunan zato."

Kunne ya so ya yi faɗa kamar yadda ya saba, amma ya ji hawaye na tahowa. Namiji da furfura ba zai yi kuka gaban dillali ba. Ya ɗauki tsumma da kakaki na uku, ya juya wajen taga yana gogewa. Karo na farko ke nan a shekara biyu da ya ba mutane baya.

Ya goge kwanon a hankali, yana huci, yana hamdala a zuci. Tagullar ta fara haske, ɗakin ya fito a jikinta a lanƙwashe, ƙarami. A ciki ya ga mai shago tsaye a bayansa, bakinsa yana buɗewa yana rufewa. Ya ga dillali ya sauke waya. Sannan ya ga mai shago ya ɗaga hannu biyu ya tafa, sau ɗaya, sau biyu, dab da ƙeyarsa.

Ya juyo.

Mai shago ya yi magana a hankali, yana buɗe baki sosai kamar mai koya wa yaro.

"Sau biyar na kira ka. Cewa nake ka zo mu sha shayi. Tun yaushe, Baba?"

"Shekara biyu."

"Inna ce ke jiye maka?"

Kunne ya gyaɗa kai. Sannan maganar ta ɓalle masa, shi da ba ya dogon bayani.

"Amma na gano shi, Maigida. Ka gani da idonka. Ba ta nan, kuma na gano shi. Zan iya da farce, zan saba, zan yi sauri. Kada ka duba na makonnin baya. Ko ba ka bar ni a kan saye ba, ka bar ni in riƙa dubawa, wani ya busa. Ni na ɗauke ka a wuya na kai ka kallon fareti, ka tuna?"

"Na tuna. Amma awa ɗaya da rabi ka yi a kan guda uku, Baba. Kuma masu saye sunanka suke saye. Wannan," ya nuna dillali da haɓa, "kafin la'asar ya gama faɗa wa layi. Ni kuma..."

Ya kasa haɗa ido da shi, ya juya fuska wajen bango ya ƙarasa. Kunne ya tsaya yana kallon gefen muƙamuƙinsa yana motsi, ana yanke masa hukunci ba ya ji.

"Juyo ka faɗa min, ɗana. Ban ga bakinka ba."

Ya juyo, idonsa ja.

"Na ce ka huta haka, Baba."

Kunne ya ajiye kakakin a kan teburi, ya gyara masa kwanciya don kada zugen ya taɓa katako. Ya ninke tsumman. Ya buɗe ƙofar da kansa.

Tana nan a kujerar, ɗinki a cinya. Fuskarta ta nuna masa ta ji komai, katakon ƙofar ba shi da kauri. Ya tsaya a gabanta, sai ya ji bakinsa ya tambayi abin da ke cinsa.

"Na ukun nan, yaya muryarsa?"

Ta ɗago rigar da take kalmasa wa baki ta nuna masa. A farkon layin zaren a yanke yake, wuri bayan wuri, duk inda ta cije lokacin da yake kan na biyu, ita kaɗai a bayan rufaffiyar ƙofa. Daga nan kuma ɗinkin ya miƙe, ya wuce inda ya kamata ya tsaya, ya hau har gefen rigar mutane, ba yanka ko ɗaya.

Ta matso da fuskarta inda zai gani.

"Tunda ka fara busa shi ban iya tsayawa ba, malam."